Bishiyoyin da Na Ce Suna Nan

"Ya sanyi?"

Muryar mace ce daga bayana, mai ɗan kauri, irin ta wadda ta saba kiran mutane a layin marasa lafiya. Ban ko juya ba bakina ya amsa da kansa, "Sanyi da godiya." Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Watan Agusta ne a Doha. Ƙarfe shida na safe bai yi ba, amma gumi ya riga ya manna mini hijabi a wuya, tabarauna ya yi fari da tururi tun daga ƙofar gida. Muna tsaye a bakin titi a unguwar Bin Omran muna jiran motar ma'aikatan asibiti, kowa na fifita da abin da ke hannunsa.

Na cire tabarau na goge, na juya. Wata mata ce gajera, kakkaura, cikin kayan nas, da furfura kaɗan a gaban goshi da siririyar sarƙa mai gicciye a wuya. Ta rufe baki da hannu tana dariya. Ta ce ta ji ina waya da Hausa ne ta zo mu gaisa, sai harshe ya zame mata ya koma gaisuwar gida. Tana shirin gyarawa kuma ta ji na amsa mata daidai, ko a jikina.

"Ke 'yar dutse ce," in ji ta. "Da mutumin Kano ne, da ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau."

A garinmu da ke saman Mambilla haka ake gaisawa, rani da damina. Ba a tambayar gajiya sai an tambayi sanyi tukuna, don shi ne ya kwana da kowa. Da na faɗa mata sunan garin da unguwarmu, sai ta kama hannuwana biyu ta riƙe har mota ta zo. Ita ma can aka haife ta, a ƙasan gidan hutu. Wata biyu ke nan da zuwana, ina aiki a ɗakin gwajin jini, ban san kowa ba sai 'yar ɗakinmu. Ita kuwa ta haura shekara goma a Qatar, kafin nan ta daɗe tana aiki a Jos. Tun daga wannan safiya na fara kiranta Mama, ita kuma ta ce mini 'yar dutse, ba ta taɓa canzawa ba.

A mota ta zaunar da ni kusa da taga ta shiga jero tambaya. Ko har yanzu gadar katako ce a kan rafi. Ko cocin nan mai jan kwano ya sake fenti. Ko matan da ke kawo nono da man shanu daga ruga suna zama a gindin bishiyar fiya ta kasuwa kamar da. Ina amsawa tana gyaɗa kai, wani lokaci ta lumshe ido. Can sai ta gyara jakarta a kan cinya, ta tambayi gidan hutu.

Gidan hutu shi ne dalilin da ya sa baƙi suka san garinmu. Turawa ne suka gina shi a kan tudun da ke kallon kwari, saboda sanyin wurin ya yi kama da na ƙasarsu. Ginin dutse ne, da murhu a jikin bangon kowane ɗaki da bututun hayaƙi a sama. Daga ƙofarsa har gangaren rafi akwai layin bishiyoyin zaiti, waɗanda wasu ke kira turare, hagu da dama, dogaye har sai mutum ya riƙe ɗankwali kafin ya ga ƙarshensu. Mama ta ce mahaifinta ne mai kula da lambun gidan, shi ya dasa su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa.

"Suna nan?" ta tambaye ni.

"Suna nan, Mama."

Ban tsaya a nan ba. Na ba ta labarin yadda ɓawonsu ke saɓulewa kamar tsohon zane, da yadda hazo ke ratsa tsakaninsu da safe, da ƙamshin da suke saki in an yi yayyafi. Ban yi niyyar ƙarya ba. A cikin kaina suna tsaye, kamar yadda suka tsaya duk tsawon yarintata. Sai da na shiga ɗakin gwaji, ina manna takarda a jikin kwalaben jini, ƙarar wani inji a bayana ta tuno mini da wata ƙara. Injin yankan katako. Wata uku kafin in taso, wanda ya karɓi gidan hutu zai gyara ya sa aka sare layin gaba ɗaya. Kwana huɗu ana jin kukan injin har cikin kasuwa. Da idona na ga babbar mota tana gangarawa da gungumen.

Na ce gobe zan gyara maganata. Amma washegari tun kafin in gaishe ta Mama ta tare ni da albishir: ta yi waya da 'yarta da ke Jos, ta ce mata hutun Ista mai zuwa za su hau dutse. Tun da aka binne mahaifinta ba ta sake hawa ba. Duk hutunta a Jos yake ƙarewa, wajen yara. Ta ce ba nisan hanya ke hana ta ba, tsoro ne: kada ta je garin da aka haife ta ta tsaya tana tambayar hanya, kada ta duba ko'ina ta rasa abin da ya san ta. Amma tunda bishiyoyin Baba na nan, tana da wanda za ta je gaisarwa. Ta faɗi haka fuskarta na sheƙi kamar ta amarya. Na buɗe baki, sai ga mota, muka shiga.

Daga nan Juma'a ta zama ranarmu. In ba ta da duti, sai ta kira ni bayan azahar, in tafi gidan da suke haya da wasu nas biyu, layi biyu tsakaninmu. Nakan tafi da 'yar ɗakinmu, wadda nake kira Yaya, 'yar Zangon Kumasi ce ta ƙasar Gana, tana aikin tsaro a wani dogon bene a West Bay. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, kuma ba ta iya ganin abin tsokana ta wuce. Mama takan tuƙa tuwon masara ta yi miyar alayyafo, ta ce mu rufe ido mu ce kumbi ne, ganyen da ake miya da shi a dutse. Yaya ta ce ita idonta a buɗe zai zauna, ba ta yarda da mutanen da ke gaisuwar sanyi a cikin tanda ba.

A waɗannan ranakun na san garinmu. Na ɗauka na san shi, ashe rabinsa na sani. Mama ta ba mu labarin lokacin da babu hanyar mota, komai a ka ake hawo da shi daga gindin dutse, ko a bayan jaki. Ta ce mahaifinta ya ga ranar da aka kawo bahon wanka na ƙarfe don gidan hutu, maza sun rataye shi a sanduna suna waƙa, kwana biyu suna hawa. Da aka girka shi aka cika da ruwan rafi, Baturen ya sa yatsa ɗaya ya janye, bai sake kusantarsa ba. Daga baya aka fitar da shi waje dawakai suna shan ruwa a ciki. Yaya ta yi dariya har ta ƙware, Mama na bubbuga mata baya tana cewa ai bahon ma yana da zuriya a garin, duk wanda ya ƙi wanka da safe jikansa ne.

Ta ce da Turawa suka tafi, manyan ma'aikata daga Yola suka gaji ɗakunan. Su ma sanyin bai ƙyale su ba. Aikinta tana yarinya shi ne tsinto ɓawon zaiti ta kai wa kuku ya hura murhun baƙi kafin magariba, a ba ta gutsuren burodi da man shanu. Ta san wane ɗaki ne bututunsa ke mayar da hayaƙi ciki, ta san baƙon da ya kwana da takalmi da hula. Ta kuma san kakana. Da na kwatanta mata shagonsa sai ta tafa hannu, ta ce telan bakin kasuwa ne, Bazazzagi mai fensir a bayan kunne, shi ya ɗinka mata rigar makaranta ta farko, ya yi ta da girma wai don ta shekara uku. Ta ce shekara biyar rigar ta yi mata.

Ni kuma ina ba ta sabon gari. Yadda yanzu in Sallah ko Kirsimeti ta zo motoci ke hawowa daga Jalingo da Abuja, baƙi su sauko cikin shadda mai sheƙi suna ɗaukar hoto, kafin la'asar sun yi layi gaban mai gwanjon rigunan sanyi a tasha, babban mutum da rigar da ke da hoton zomo a ƙirji. Yadda amare ke zuwa gonar shayi a yi musu hoto, su tsaya cikin raɓa da dogon takalmi suna murmushi haƙora na kaɗawa. Yadda 'yan acaɓa suka koyi cewa kowane tudu yana da tarihi, in babu su ƙirƙiro masa kafin a kai sama. Mama takan ce in sake ba ta na mai rigar zomo, ba ta gajiya da shi.

Sai dai duk inda hira ta zaga, a layin zaiti take sauka. Ta ce irinsa ƙanana ne kamar garin barkono, in ka yi atishawa ka yi asarar daji guda. A gwangwanayen madara mahaifinta ya rene su a bayan kicin, ya yi musu rumfar ciyawa. Da aka dasa, ita da 'yan'uwanta ke ɗebo ruwa daga rafi a rani, kowa da bishiyoyinsa. Nata su ne na farkon layi, kusa da ƙofa, don ita ce ƙarama, aka ce na nesa da rafi su suka fi koya wa mutum haƙuri. Ta ce akwai wani babba a dama da ƙofa da take jin kamar yayanta ne. In ta fara wannan zance sai in kasa ƙara tuwo. In ta ce in ƙara kwatanta mata, sai in kwatanta. Na iya kwatanta abu, tun ina makaranta malamai ke faɗa. A watannin nan na yi wa bishiyoyin da ba sa nan ado iri-iri, kowace Juma'a da sabon tsuntsu a reshe.

Yaya ce kaɗai na gaya wa. Muna wanke kwanuka a ɗakinmu wata safiya na faɗa mata komai. Ta ajiye soso ta dube ni.

"Kai, kai mugu ne mai hankali," ta ce. "Ka bar tsohuwa ya hau dutse ya je ya ga fili? Faɗa mishi."

Na ce in na faɗa ba za ta je ba, kuma wataƙila ba za ta sake samun ƙarfin zuciyar zuwa ba har abada. In ban faɗa ba kuma za ta je ta tarar da kututture, ta san 'yar da take ciyarwa duk Juma'a ta yi ta yi mata ƙarya. Yaya ta ce to in zaɓi wanda zan iya kwana da shi, amma in daina ƙara tsuntsaye.

Zafi ya ja baya, Doha ta shiga ɗan sanyinta. Na fito da rigar sanyin da Innata ta cusa mini a akwati duk da an gaya mata ƙasar rairayi zan tafi. Wata Juma'a a watan Janairu muka tashi gari ya rufe da hazo, fari, mai laushi, wanda ke jiƙa gira. Mama ta kira tun da sassafe, cike da murna, ta ce gida ya biyo mu, mu fito. Muka ɗauki tasi mu uku zuwa bakin teku, da tabarma da filas na karak, shayin madarar da ake sha a Qatar, da ƙosan da ta soya.

Ban taɓa ganin birnin haka ba. Dogayen benayen West Bay sun ɓace daga ƙugu zuwa sama, wasu kuma kansu kawai ake gani yana yawo ba ƙafa. Yaya ta nuna wani wuri a cikin farin ta ce ga ofishinsu can, yau babu shi, don haka gobe ma hutu. Jiragen ruwa na katako suna lilo a hankali, ana jin muryoyin mutane ba a ganinsu. Mama ta naɗe kafaɗa da mayafin ulu, ta ja numfashi mai tsawo, ta ce saura ƙamshin zaiti da kukan shanu. Sannan ta ciro waya ta miƙo mini. Tikiti ne. Ta yanka jiya. Ta ce ta riga ta tsara: za su kwana a gindin dutse, su hau da safe, kafin ta shiga gidan kowa za ta tsaya a ƙofar gidan hutu ta nuna wa 'yarta wanda ta shayar da hannunta.

Yaya ta zuba mini ido ta saman kofinta. Na ajiye wayar a kan tabarma.

"Mama, an sare su."

Ba ta gane ba da farko. Na sake faɗa. Na gaya mata wata uku kafin in taso ne, duka layin, daga ƙofa har rafi. Na ce ranar farko mantuwa ce, sauran ranakun kuwa tsoro ne. Na ce ta yafe mini. Ban iya ɗaga kai ba, ina kallon wani ƙosai da ya mirgina gefen tabarma.

Na ji ta jan hanci sau ɗaya. Da ta yi magana, a hankali ta yi, ta ce har da babban na dama da ƙofa? Na ce har da shi. Ta ce ta so ta sa hannu ta ga ko yanzu zai zagaye shi. Ta share ido da bakin mayafi, ta kalli teku. Can sai na ji muryarta ta canza, ta koma irin wadda take yi wa sababbin nas a wajen aiki.

"A ina suka yanke? Ƙasa ƙasa, ko sun bar tsawo?"

Na ce kamar zuwa gwiwa, ko ƙasa da haka kaɗan.

"Sun tone saiwar?"

"A'a."

"Sun sa wuta a kututturen? Sun zuba baƙin mai?"

Na ce ban ga alamar haka ba, na bi ta wurin ana gobe zan taso, suna nan farare, ruwa na kwance a kansu. Ta tambayi wane lokaci aka sare su, na ce farkon damina, an yi ruwa biyu ko uku. Ta ƙirga watanni da yatsu. Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne ya dawo, ashe dariya ce, har tana riƙe ciki.

"'Yar dutse, 'yar boko," ta ce. "A dutse aka haife ki ba ki san zaiti ba? Yanzu haka sun fi ki tsawo."

Ta ce zaiti ba ya mutuwa don an sare shi. Muddin saiwa na ƙasa, kututturen zai yi toho ta ko'ina, goma, ashirin, kuma ya fi sabon dashe saurin girma don tsohuwar saiwa ce ke shayar da shi. Kowane mai gonar itace a garin ya san haka, da shi ake ci. Ni kuwa makarantar kwana aka kai ni tun ina ƙarama, daga can sai kwaleji. Itacen girki yayyena maza ke kawowa. Na sha wucewa ta gonakin zaiti ina kallon yadda haske ke sauka a ganye, ban taɓa duba gindinsu ba.

Ta ja kunnena kaɗan, ba da zafi ba. Ta ce yanzu ta gane abin da ya sa ba na ƙara tuwo in ta fara zancen Baba, ita tana ta zargin miyarta. Ta ce wata biyar ina ɗauke da wannan a ciki ni kaɗai, ai da na rame a banza. Yaya ta ce ba ita kaɗai ba, ita ma an ɗora mata, har ta fara mafarkin bishiya alhali ko sunanta ba ta sani ba. Sannan ta ɗaga filas ta rufe zancen da Larabcin da ta tsinta a Doha, "Khalas. Yalla, a sha shayi kafin ya zama ruwan rafinku."

Na tambayi Mama ko har yanzu za ta je. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko za ta zo aiki. Ta ce da can gaisuwa za ta je yi, yanzu kuwa aiki ya kira ta. Toho in ya yi yawa a kututture ɗaya, dole a rage, a bar biyu ko uku masu ƙarfi waɗanda suka fito ta ɓangaren iska. In ba a yi ba, sai su cunkushe su zama kurmi, babu wanda zai miƙe. Mutumin da ya iya sare layi guda a kwana huɗu, in ji ta, ba ta jin ya san wannan. Ta zauna tana zana mana kututture da yatsa a kan tabarma, tana nuna inda ake sara da yadda ake karkata adda don kada ruwa ya kwanta. Hazo ya fara yayewa, benaye suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta ga nasu ya fito ta yi tsaki.

Ta tafi ana saura kwana uku Ista. Ran da suka hau, ina ɗakin gwaji saƙon murya ya shigo. Na ɓuya bayan firijin ajiye jini na saurara. Iska ce ta fara cika kunnena, irin wadda na sani, sannan numfashinta sama sama. Ta ce tana ƙofa. Ta ce sun fi ta tsawo sau biyu, ganyensu sabo, shuɗi shuɗi, mai faɗi kamar kunnen ɗan maraƙi. Na dama da ƙofa ya fi kowa hauka, ta ƙirga toho har ta gaji. Daga nan ta daina magana, ta bar wayar tana ɗaukar ƙarar ganye na kusan minti ɗaya. Na saurari wannan minti sau da yawa a ranar, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya.

Sauran labarin sai da ta dawo muka sha shi, Juma'a bayan Juma'a. Yadda mai gadi ya hana ta shiga, ta ce masa ya je ya gaya wa maigidansa 'yar mai lambu ta zo duba aikin ubanta. Yadda sabon mai gidan hutun ya fito da shirin faɗa, ya ƙare yana riƙe mata mayafi tana nuna wa ma'aikatansa da adda. Ya ce shi ya sare ne don rassa na faɗowa a kan motocin baƙi, kuma yana ta tunanin yadda zai rabu da kurmin da ya taso. Kwana uku suna ragewa. Ya ba ta ɗaki kyauta, ta ce ta gode amma ba wancan ba, wancan bututunsa na mayar da hayaƙi. Ya yi mamaki, don har yau yana mayarwa. A kasuwa kuma wata tsohuwa mai nono ta gane ta daga tafiya, ta kira ta da sunan yarinta wanda ko 'ya'yanta ba su sani ba. Hanya ɗaya kawai ta tambaya, ta sabuwar tasha, ta ce wannan ba laifinta ba ne, su suka matsar da ita.

Ta kawo mana busasshen kumbi da ganyen shayi da fiya guda shida da ta naɗe cikin zannuwa. Yaya ta ci miyar da ido a buɗe, ta ƙara, ta ce ba laifi, amma har yanzu ba ta ga abin da zai sa mutum ya zauna inda wanka ke buƙatar shawara ba.

Ni ban samu hawa dutse ba sai bayan shekara biyu. Wata rana ana ruwa, ina zaune a ɗakin kakata muna jin ɗumin gawayi, na ba ta wannan labari tun daga farko. Ta saurara tana jan carbi. Da na kai ƙarshe ta ce ai ta san mai lambun, dogo ne mara magana. Ta ce wannan sara da na gani ba shi ne na farko ba, na biyu ne. Na farkon shi da kansa ya yi, bishiyoyin suna matasa, ya rage layi ɗaya ya bar ɗaya. A shekarar ce kakana ya tayar da ginin gidanmu, baƙo ne a garin, ba shi da gonar itace. Mai lambun ya ɗauko sanduna a kafaɗa ya kawo har ƙofa, ya ajiye ya tafi. Ta ɗaga carbin ta nuna sama. Sandunan da ke riƙe da rufin ɗakin da aka haife ni, waɗanda hayaƙi ya mayar baƙi, daga layin gidan hutu suka fito.